Babi na Shida: Wanda Ya Zo Na Biyu

Ranar 18 ga Agustan 2016, a birnin Rio na Brazil, 'yar kokawar Japan Saori Yoshida ta kifa fuskarta a ƙasa tana kuka. Helen Maroulis ta Amurka ce ta doke ta da maki 4 da 1 a karon ƙarshe na ajin kilo 53. Kafin ranar, Yoshida ta ci zinare a gasar Olamfik uku a jere, ta Atina a 2004 da ta Beijing a 2008 da ta Landan a 2012, ta kuma zama zakarar duniya har sau 13. Da 'yan jarida suka tare ta, ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ta ambata ba. Gafara kawai ta riƙa nema, tana cewa ita ce kyaftin ɗin tawagar ƙasarta, ga shi ta kasa kawo zinare.

Kwana biyu a tsakani, a zauren da ke maƙwabtaka da wancan, wani dogon saurayi ɗan Nijar mai shekara 21, Issoufou Alfaga Abdoulrazak, ya kara da Radik Isaev na Azarbaijan a karon ƙarshe na wasan taekwondo, ajin masu nauyi. Shi ma kaye ya sha, shi ma azurfa aka rataya masa. Amma da ya sauka a Yamai, gari ne ya fito tarbarsa, shugaban ƙasa na lokacin Mahamadou Issoufou kuma ya karrama shi. Rabon Nijar da lambar Olamfik tun tagullar da ɗan dambe Issaka Daboré ya ci a Munik a 1972, shekara 44 ke nan.

Lambobin nan biyu masana'anta ɗaya ta ƙera su, nauyinsu ɗaya, zanensu ɗaya. Abin da ya bambanta shi ne idon da ke kallo daga gida. Hausawa sun riga sun faɗa: inda wani ya yi rawa aka ba shi kuɗi, wani in ya yi duka zai sha.

Raina na biyu tsohuwar ɗabi'a ce. A wasannin Olimpiya na tsohuwar Girka mutum ɗaya ake ɗora wa kambin ganyen zaitun, sauran su koma gida hannu rabbana. Ko a gasar kokawar gargajiya ta Nijar, na biyu da na uku suna samun kyautarsu, amma takobi ɗaya ne, kuma sunan wanda ya ɗauke shi ne ke zama a bakin maroƙa. Da aka farfaɗo da Olamfik a Atina a 1896 babu ma zancen zinare, azurfa ake ba wanda ya yi na ɗaya. Tsarin zinare da azurfa da tagulla ya fara ne a gasar 1904 a St. Louis ta Amurka, kuma tun daga gasar Stockholm ta 1912 ba a sake ba kowa lambar zinare tsantsa ba. Wadda ake kira ta zinare a yau azurfa ce aka shafe ta da giram shida na zinare. Giram shida ɗin nan ake mutuwar so.

Zamani ya zo ya ƙara wa abin kaifi. A gasar Atlanta ta 1996 kamfanin Nike ya fitar da talla mai cewa ba a cin azurfa, zinare ake rasawa. An yi ta sukar tallar, amma kamfanin bai ƙirƙiro komai ba, abin da teburin lambobi ke faɗa kullum ya maimaita. Teburin da aka fi amfani da shi zinare yake fara ƙirgawa, sai an yi kunnen doki a duba azurfa. Shi ya sa a gasar Paris ta 2024 Turkiyya, mai azurfa uku da tagulla biyar, ta zauna a ƙasan Pakistan da ɗan tsibirin Dominika, waɗanda kowaccensu lamba ɗaya rak ta samu, amma ta zinare. Abin dariya, ɗaya daga cikin azurfofin Turkiyyar ta maharbin nan ce Yusuf Dikeç, wanda hotonsa ya zagaye duniya yana harbi da hannu ɗaya a aljihu. Kaɗan ne za su iya faɗin sunan 'yan Sabiya biyun da suka doke shi da abokiyar wasansa.

Kuɗi ma bin teburin suke yi. A Paris ɗin ne hukumar wasannin guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya ta fara biyan lada a Olamfik: dala 50,000 ga duk wanda ya ci zinare a wasanni 48 da ke ƙarƙashinta. Mai azurfa da mai tagulla an ce su dakaci gasar Los Angeles ta 2028.

Sai dai ba za a ɗora wa 'yan talla da masu teburi laifin duka ba, don ɗan wasan da kansa ne ke fara yanke wa kansa hukunci. A 1995 masana halayyar ɗan Adam uku a Amurka, Victoria Medvec da Scott Madey da Thomas Gilovich, suka wallafa wani bincike da ya yi suna. Sun tattara faifan bidiyon gasar Barcelona ta 1992, suka nuna wa ɗalibai fuskokin 'yan wasa a daidai lokacin da sakamako ya fito, ba tare da an gaya musu wanda ya ci me ba, suka ce su auna farin cikin kowace fuska daga 1 zuwa 10. Masu tagulla suka tashi da 7.1. Masu azurfa, waɗanda suka fi su ƙoƙari, suka tashi da 4.8. Bayanin masanan mai sauƙi ne. Mai azurfa sama yake kallo, zuciyarsa na ta nanata masa cewa saura ƙiris da ya ci. Mai tagulla kuwa ƙasa yake kallo, yana hango na huɗu da zai koma gida babu komai, yana hamdala.

Akwai wani dalilin da ke cikin tsarin wasan kansa. A kokawa da judo da taekwondo, da ma ƙwallon ƙafa, mai azurfa da kaye yake rufe gasa, mai tagulla kuwa da nasara. Masu bincike biyu, David Matsumoto da Bob Willingham, sun bi hotunan 'yan judo a gasar Atina ta 2004 a daƙiƙun farko bayan an tashi wasa. Kusan duk masu zinare sun yi murmushi, mafi yawan masu tagulla ma haka, amma cikin masu azurfa babu ko ɗaya da ya murmusa. Lambar Yoshida ladan karawa uku ne da ta ci a ranar, amma an miƙa mata ita ne tana kan jin zafin ta huɗun da ta rasa.

To mene ne girman tazarar da ake wannan baƙin ciki a kanta? A Beijing a 2008, a ninƙayar mita 100, Michael Phelps ya taɓa bango a daƙiƙa 50.58, Milorad Čavić na Sabiya a 50.59. A tseren mita 100 na Paris, allo ya rubuta wa Noah Lyles na Amurka da Kishane Thompson na Jamaika 9.79 su biyun, sai da aka koma ga hoton na'ura aka ga 9.784 da 9.789. Ƙiftawar ido ta ninka wannan tazara sau da yawa. A tseren nan duka mutum takwas sun yi ƙasa da daƙiƙa goma, wanda ya zo na ƙarshe ma 9.91 ya yi, lokacin da ya isa ya ci zinare a yawancin gasannin Olamfik na ƙarnin da ya wuce.

Merlene Ottey ta Jamaika ta fi kowa sanin ɗacin wannan hoto. A gasar duniya ta Stuttgart a 1993 ita da Gail Devers ta Amurka sun yi 10.82, aka ba Devers. A Atlanta a 1996 suka sake yin 10.94 tare, aka sake ba Devers. Ottey ta halarci Olamfik bakwai, daga Mosko a 1980 zuwa Atina a 2004, ta tara lambobi tara, uku na azurfa shida na tagulla, har aka yi mata laƙabi da sarauniyar tagulla. Shekara 24 tana cikin matan da suka fi gudu a bayan ƙasa. Duk ma'aunin da zai ce wannan mace ta gaza, ma'aunin ne ke buƙatar gyara.

Shi kuwa Frankie Fredericks na Namibiya zamani ne ya haɗa shi da dodo. Ƙasarsa ta samu 'yanci a 1990, ya ci mata azurfa biyu a Barcelona a 1992, ya ƙara biyu a Atlanta. A tseren mita 200 na Atlanta ya yi 19.68. Lokacin nan ya ɗara 19.72 na Pietro Mennea ɗan Italiya, wanda ya yi kusan shekara 17 yana matsayin bajintar duniya har zuwa 'yan makonni kafin gasar. Amma a gabansa akwai Michael Johnson, wanda ya yi 19.32. Ba a samu ɗan Afirka da ya karya lokacin Fredericks ba sai Letsile Tebogo na Botswana a 2023.

Duk waɗannan misalai ne na layin da ya yi siriri. Akwai kuma inda layin ya zama na ƙarya, kuma 'yan Najeriya suna da labari mafi ciwo a wannan fage.

Ranar 30 ga Satumban 2000, a Sydney, aka yi karon ƙarshe na tseren ba-ni-in-ba-ka na maza huɗu, kowa mita 400. Clement Chukwu ne ya fara wa Najeriya, ya miƙa wa Jude Monye, shi kuma ya miƙa wa Sunday Bada, jami'in ɗan sanda wanda ya ci zinaren duniya na mita 400 na cikin zaure a Paris a 1997. Mai rufewa yaro ne ɗan shekara 18, Enefiok Udo-Obong. Ya karɓi sandar yana na huɗu, a mitocin ƙarshe ya wuce ɗan Bahamas da ɗan Jamaika, ya kai Najeriya na biyu a minti 2 da daƙiƙa 58.68. Amurka ta riga ta yi nisa, da Michael Johnson a ƙarshe. Aka rataya wa 'yan Najeriya azurfa, tare da Nduka Awazie da Fidelis Gadzama da suka yi gudu a zagayen share fage.

Shekara takwas bayan haka, a Mayun 2008, ɗaya daga cikin Amurkawan huɗu, Antonio Pettigrew, ya tsaya a gaban kotu a shari'ar kocinsa Trevor Graham, ya amsa cewa yana amfani da magungunan ƙara kuzari tun kafin gasar Sydney. Johnson ya ce shi kam zai mayar da lambarsa. A watan Agustan shekarar kwamitin Olamfik na duniya ya ƙwace zinaren daga Amurka. Kowa ya zaci shi ke nan, sai a miƙa wa na biyu. Ina! Kwamitin ya ajiye maganar shekara huɗu. Sai a Yulin 2012 aka tabbatar da Najeriya a matsayin mai zinare, Jamaika azurfa, Bahamas tagulla. Sunday Bada ya rasu a Legas a Disamban 2011 yana da shekara 42, wata bakwai kafin hukuncin.

A nan ne hujjar masu cewa azurfa faɗuwa ce ke rushewa. Gudun da mutanen nan suka yi a Sydney bai ƙaru da taku ɗaya ba tsakanin 2000 da 2012. Lokacinsu na nan yadda yake. In har sun gaza a 2000, to da me suka yi nasara a 2012? Amsar wani mutum a kotun Amurka da sa hannun wasu jami'ai ne suka sauya launin lambar. Abin da ba a iya mayar musu ba shi ne taken ƙasa a filin Sydney, da kwangilolin talla, da gayyatar manyan gasanni masu tsoka, abubuwan da ke zuwa wa zakara a shekararsa kawai, ba bayan ya rataye takalmi ba.

Ba su kaɗai ba ne. Adam Nelson, Ba'amurke mai jifan dalma, ya yi mita 21.16 a gasar 2004, daidai da Yuriy Bilonoh na Yukren, aka ba Bilonoh saboda jifansa na biyu ya fi. Da aka sake gwada fitsarin Bilonoh a 2012 aka samu haramtaccen magani. A 2013 wani jami'i ya miƙa wa Nelson zinarensa a wurin cin abinci na filin jirgin saman Atlanta.

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren, don suna da abin faɗa. Mutum ba ya kai wa karon ƙarshe na Olamfik da zuciyar "Allah ya sa mu dace da na uku". Wannan ƙin yarda da na biyu shi ne ke tashin ɗan wasa da asuba shekara da shekaru, shi ne ke sa shi jure ciwon gwiwa da yunwar rage nauyi. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Cire masa wannan zafin nema, ka cire abin da ya kai shi wurin. Hawayen Yoshida da zinarenta uku daga rijiya ɗaya suka fito, kuma babu mai hurumin ce mata kada ta ji ciwo. Alfaga ma bai kwanta a kan azurfarsa ba, a 2017 ya je Muju ta Koriya ta Kudu ya ci kambin duniya. Haka nan ƙasar da ta zuba dukiyar talakawa a kan tawaga tana da damar tambayar me aka samo.

Matsalar tana farawa ne in wannan magana ta bar zuciyar ɗan wasa ta koma bakin jama'a. A Landan a 2012 ɗan wasan ɗaga nauyi na Sin, Wu Jingbiao, ya ci azurfa, ya tsaya gaban kyamara yana kuka yana sunkuyawa, yana cewa ya kunyata ƙasarsa. Abin ya tayar da muhawara a Sin ɗin kanta kan yadda aka mayar da zinare addini. Japan kuwa tana da tabon da ya fi wannan zurfi. A gudun yada-ƙanin-wani na gasar Tokyo ta 1964, Abebe Bikila na Habasha ya riga ya ci. Soja ɗan Japan, Kokichi Tsuburaya, ya shigo filin wasa yana na biyu, sai Basil Heatley na Birtaniya ya wuce shi a gaban dubban 'yan ƙasarsa. Tagullar da ya samu ita kaɗai ce lambar Japan a guje-guje da tsalle-tsalle a gasar gaba ɗaya, amma shi abin kunya ya ɗauke ta, ya ƙudurta wanke kansa a Meziko a 1968. Ciwon baya ya sa shi gaba. A Janairun 1968 ya kashe kansa yana da shekara 27, ya bar wasiƙar godiya ga iyayensa da 'yan uwansa, yana cewa ya gaji, ba zai iya ƙara gudu ba. Ba a rataya mutuwar mutum a kan dalili ɗaya, amma babu mai ba da tarihinsa da ke tsallake nauyin da aka ɗora masa.

Akwai gazawa ta gaskiya a wasanni, sai dai sau da yawa ba a kan dandamalin karɓar lamba take ba, tana ofis. A 2016 tawagar ƙwallon ƙafar Najeriya ta koci Samson Siasia ta maƙale a Atlanta saboda rikicin kuɗin jirgi, ta sauka a Manaus sa'o'i kaɗan kafin wasanta na farko, ta kuma doke Japan da ci 5 da 4. Jamus ta fitar da ita a wasan kusa da na ƙarshe, sannan ta doke Honduras 3 da 2, Sadiq Umar ya ci biyu, Aminu Umar ya ci ɗaya. Wannan tagulla ita ce lamba ɗaya tilo da Najeriya ta samu a Rio. Wani likita ɗan Japan, Katsuya Takasu, da labarin wahalarsu ya taɓa shi, shi ya bi su har Brazil da kyautar dala 390,000. In aka jera su da tawagar 1996 mai zinare ko ta 2008 mai azurfa, sai a ce sun yi baya. In aka duba yadda suka isa filin, magana ta canza.

A Tokyo a 2021 'yan guje-guje da tsalle-tsalle goma na Najeriya sun isa gasar aka ce ba za su shiga ba, ba don an kama su da wani magani ba, sai don ba a yi musu adadin gwajin da doka ta wajabta kafin gasa ba. Suka fito da kwalaye suna zanga-zanga a Tokyo. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ba su ne masu fafewar ba.

A Paris a 2024 Najeriya ta tafi da 'yan wasa 88 ta dawo babu lamba ko ɗaya, ministan wasanni na lokacin John Enoh ya nemi afuwar 'yan ƙasa. A cikin wannan babu ɗin akwai 'yan matan ƙwallon kwando na koci Rena Wakama, waɗanda suka doke Ostireliya da Kanada suka zama tawagar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen 'yan takwas a Olamfik. Akwai mata uku da suka kai karon ƙarshe na dogon tsalle, Ese Brume ta yi na biyar. Akwai kuma Favour Ofili, ɗaya daga cikin goman da aka hana a Tokyo. Ta cika sharaɗin shiga tseren mita 100, ta isa Paris ta tarar ba a shigar da sunanta ba. Ta yi na mita 200, ta kai karon ƙarshe, ta zo na shida a duniya, ta fashe da kuka a gaban 'yan jarida. Kwamitin binciken da ministan ya kafa ya ɗora laifin a kan jami'an hukumar guje-guje ta ƙasa, ya kuma ba da shawarar a biya ta diyyar naira miliyan 8, kimanin dala 5,000 a canjin lokacin.